Launin Da Ya Ƙi Zama A Kan Takarda

Duk wanda ya taɓa juya gashin ɗawisu a hannunsa ya san cewa koren da ya gani da farko yakan rikiɗe ya koma shuɗi da zarar ya ɗan karkata shi. Wannan rikiɗar ce ta daɗe tana ba masu ɗab'i wahala, musamman idan suka zo buga hotunan tsofaffin kayan adon gashin tsuntsu na ƙasar Meziko.

Dalilin kuwa shi ne, sheƙin ba rini ba ne. A cikin kowane silin gashi akwai siraran shimfiɗu da aka jera bisa juna, waɗanda suke mayar da wani sashe na haske su danne wani, gwargwadon kusurwar da mai kallo ya tsaya. Ita kuwa tawadar injin bugu, mai launuka huɗu, shanye haske take yi, saboda haka ko ta ina aka dube ta launi ɗaya za ta nuna.

Babban misali shi ne kambin gashin tsuntsun kwetzal da ake dangantawa da Moctezuma, sarkin daular Aztek ta tsohuwar Meziko, wanda ke ajiye a gidan kayan tarihi na birnin Biyana, a ƙasar Ostiriya. Binciken da masana daga Meziko da Ostiriya suka yi tsakanin 2010 da 2012 ya nuna cewa ya yi raunin da ba zai jure girgizar tafiya ba. Ke nan yawancin mutane a hoto kawai za su san shi, hoton kuma kusurwa guda ya kama.

A ganina, dabarar da ta fi burgewa tsohuwa ce. Tsakanin 1849 da 1861, Baturen Ingila John Gould ya wallafa zane 360 na ƙananan tsuntsayen nahiyar Amurka masu shan ruwan fure, inda aka manna ɓawon zinariya a maƙogwaro da kan tsuntsun, sannan aka shafa fenti mai ratsa haske a kai, duk da hannu. Aiki ne mai cin rai, amma idan aka karkata shafin sai wuyan tsuntsun ya yi wal. Tawadar zamani mai ɗauke da garin ma'adini mai ƙyalli irin wannan hanyar ta bi, sai dai takan shimfiɗa sheƙin bai ɗaya, alhali a kan kambin kowane gashi da inda ya fuskanta, wani na haskawa yayin da na kusa da shi ya dushe.