Mu da Fararen Dinyoyin Kogin Misuri

Shekara 11 ke nan ina kai baƙi kallon fararen dinyoyi a kwarin kogin Misuri, nan Amurka. Mota ɗaya gare ni mai cin mutum 7, kuma ko nawa za a biya ba na ƙara na takwas.

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa Maris, da ƙanƙara ta fara narkewa, tsuntsayen nan kan baro wuraren da suka ci sanyi, har can gaɓar Teksas da Luwiziyana, su nufi ƙuryar arewacin Kanada inda suke ƙyanƙyasa. Babban zangonsu a yankinmu shi ne gandun namun daji na Loess Bluffs kusa da garin Mound City a jihar Misuri, wanda kafin 2017 ake ce wa Squaw Creek. Wata shekarar ƙidaya kan haura miliyan.

Kai mutum wurin ba wuya. Sanin lokacin da za su tashi, nan gizo ke saƙar. Wani dattijo manomin masara ne ya koya mini, Allah ya saka masa. Da asuba yakan tsayar da ni a bakin fadama, yatsuna sun ƙage don sanyi, ya ce in rufe baki in saurara. Kukansu kan yi ƙasa na ɗan lokaci, daga nan sai ruwan ya ɗaga gaba ɗaya kamar an kaɗe shanyar farin ƙyalle, baƙaƙen bakin fukafukansu na walƙiya. Shi ya nuna mini cewa masu duhun jiki da farin kai duk jinsi ɗaya ne da fararen, kuma in iskar kudu ta kwana tana kaɗawa, gobe rabinsu sun wuce Nebraska.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu araha da suka shigo harkar. Su kwaso mutane da rana tsaka, lokacin da tsuntsaye sun watse gonaki tsintar ragowar masara, sannan su yi ta buga ƙofar mota don ragowar su firgita a samu hoto. Dinyar da ke da tafiyar dubban kilomita a gabanta, kitsen da take tarawa ake ƙona mata. Sai baƙo ya zo yana taya mini farashinsu!

Ni ƙarfe 5 muke tashi, da shayi mai zafi da madubin hangen nesa na kowa. Mukan kashe injin mu jira. In mikiya mai farin kai ta ratso ta tashe su, wannan tsakaninsu ne.