Ranar da totur ya maƙale mini a titin Zariya

Talata, bayan isha'i.

Na ci tuwo, na yi wanka, amma har yanzu in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Gara in rubuta tun da ɗuminsa.

Da safe na ɗauki Gwaggo zan kai ta Kura ta'aziyya, a tsohuwar motar nan tawa 'yar Kwatano, ƙirar 1999, mai giyar hannu. Mun wuce Na'ibawa, hanya ta ɗan buɗe, ga wata tirela a gabana tana jan jiki tana feso mana baƙin hayaƙi. Na take totur sosai na wuce ta. Da na dawo hannuna na ɗaga ƙafa, sai mota ta ce ba ta san zancen ba. Ƙafata na sama, ita kuwa ƙara wuta take.

Abin da na fara yi shirme ne. Na hau danna birki ina saki, ina dannawa ina saki, kafin ka ce me ya yi tauri kamar na taka dutse. Gwaggo ta riƙe kujera tana ta salati. Allah ne dai ya tuna mini da kuloci, na take shi har ƙasa na mai da giya firi. Injin ya ƙwala wata kururuwa da ban taɓa jin irinta ba, allurar juyin injin ta haura 5,000, amma gudun ya fara raguwa. Na danne birki da iya ƙarfina, na gangara gefen titi, sai da ta tsaya cak sannan na kashe.

"Ɗan nan, ka yi addu'ar shiga mota kuwa?"

Na ce na yi, Gwaggo.

"To ka sake."

Na tsayar mata da motar haya ta wuce, ni na zauna da tawa.

Kafet na fara dubawa, don na san a 2009 Toyota ta janye miliyoyin motoci a Amurka saboda kafet ɗin ƙafar direba yana danne totur. Nawa yana wurinsa, bai taɓa komai ba. Totur ɗin ne na tarar ya yi laƙwas a ƙasa. Na ɗago shi da hannu, ya taso sakwa-sakwa kamar ba a haɗa shi da komai ba. Na tayar da ita in gani, ko sakan biyu ba ta yi ba ta sake ɗaukar rezin. Na kashe da sauri.

Akwai wani gareji can gaba kaɗan a gindin darbejiya. Yaron garejin ne ya fara zuwa, ko bonet bai buɗe ba ya yanke hukunci wai ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu, sai an sayo wata. Gabana ya faɗi, don na san abin da hakan ke nufi ga aljihuna. Sai ga ogansa, dattijo mai furfura a gemu, da tsumma a kafaɗa. Bai ce a tayar ba. Tambayata ya yi: da ta ɗauka, allurar ina ta kai? Na ce ta wuce biyar. Ya dubi yaron ya ce, "In iska ce ke shiga ta tiyon da ya tsage, ko abin silo ne ya toshe, za ka ji ta a dubu ɗaya da rabi, ta yi yawa dubu biyu. Motar da silonta bai kai dubu ba, ba ta kai biyar sai in ƙofa a buɗe take."

Ƙofar da yake nufi ita ce bataflai, faifan nan da ke cikin maƙogwaron injin, wanda kebul ke ja ya buɗe wa iska hanya in an taka totur. Ya kwance tiyon iska ya nuna mini. Ga shi kuwa a buɗe, ya fi rabi, alhali ba wanda ya taka komai. Yadda ya bi abin ya burge ni, don bai kwance abu goma ba. Kan kebul ɗin totur kawai ya zare daga mazauninsa, sai muka ji ƙas, bataflai ya rufe da kansa. Ya murɗa shi da yatsa ya saki sau uku, duk yana komawa. Ya ce, "To Malam, sifirin lafiya lau, maƙogwaro ma ba shi da laifi duk da baƙin dattin nan. Ɓarawon yana cikin kebul."

Ya miƙo mini kan wayar ya ce in ja. Na ja, na ji tana kartar ciki tana cijewa. Da aka ciro kebul ɗin gaba ɗaya, sai ga siraran wayoyin sun tsintsinke sun yi cirko-cirko kamar tsohuwar tsintsiya, robar cikin kuma ta narke ta dunƙule a wuri guda. Da na take har ƙasa wajen tirelar nan, tsinkakkun sun shige sun ƙi fitowa.

Narkewar nan ce ta hana hankalin ogan kwanciya. Ya aiki yaron Ƙofar Ruwa a adaidaita sahu ya sayo wani kebul, shi kuma ya tsuguna yana ta leƙen ƙarƙashin injin. Can ya ɗago ya ce, "Kwanan nan in ka murɗa makulli, kik yana jan jiki?" Na ce wallahi kusan sati uku ke nan, har ina shirin sayen batir. "An sauke giya?" Na ce an canja mini kuloci watan jiya. Ya kamo hannuna ya ɗora a kan wata kakkaurar waya tana reto. Wayar at ce, wadda ke haɗa injin da jikin mota. Wanda ya yi aikin kulocin bai mayar da ita ba. Wutar kik mai ƙarfi ce, in ta rasa hanyar komawa batir sai ta bi duk ƙarfen da ta samu, ta kuwa samu kebul ɗin totur. Ashe kullum na tayar da mota dafa shi nake yi.

Kunya ta kama ni, don ni ma na ji totur ɗin ya yi nauyi tun makon jiya. Na ce ƙurar hunturu ce, na share.

Muna jiran yaron, na ba shi labarin birkin. Ya nuna mini baƙin kwanon da ke bayan birkin, ya ce zuƙar iskar injin ce ke taya ƙafa dannawa, in totur na buɗe kuwa zuƙar ba ta da ƙarfi, don haka duk sakin da na yi ɗan abin da ya rage nake zubarwa. Dannawa ɗaya ake yi a riƙe. Ya tambaya ko na yi tunanin kashe makulli a guje. Na ce ya zo mini. Ya ce in an zare shi sitiyari na iya kullewa, ya girgiza kai, bai ƙara komai ba.

Sai bayan la'asar yaron ya dawo. Aka ɗaura, aka bar masa ɗan sassauci, aka wanke maƙogwaron, aka ɗaure wayar at. Murɗa ɗaya ta tashi, allura ta kwanta wajen 800. Duk da haka ban wuce giya uku ba har gida, ƙafar hagu na kan kuloci.

Tsohon kebul ɗin yana cikin but, gobe zan kai wa mai kulocin ya gani da idonsa. Gwaggo ta bugo waya ɗazu, ta ce kar in wahalar da kaina, Alhamis za ta dawo a motar haya.