Faifan Teenage Fanclub da kunnen da na gada wurin Kawu

Babu faifan da ke shigowa shagona ya hau kanta a ranar da ya iso. Sai ya kwana a ɗakin baya tukuna. In zare shi daga kwalinsa, in tallabe shi ta gefe da tafin hannu, don yatsa ba ya taɓa fuskar faifai, in karkata shi ƙarƙashin fitila in ga abin da masu shi na baya suka yi masa. Daga nan sai wanka, sai shanya, sannan in ɗora masa allura in saurare shi gaba da baya. Wanda ya tsallake wannan shi kuke gani a akwatunan gaba, da 'yar takarda a jikin ledarsa da rubutun hannuna.

Shagon ɗan ƙarami ne, a Glasgow ta Scotland yake, kuma duk mai sayar da faifai a garin nan dole ya san ƙungiyar mawaƙan nan Teenage Fanclub, don 'yan gida ne. Tushensu Bellshill, nan kusa da mu, kuma a 1989 suka kafu. Mutum uku ne ginshiƙansu na shekaru da yawa: Norman Blake, da Raymond McGinley, da Gerard Love. Kowa ya rubuta waƙarsa shi zai ja ta, sauran biyun su rufa masa baya. Amma ba amshi irin namu ba ne, inda ake jiran mawaƙi ya kai aya sannan a karɓa. Su tare suke shiga, murya kan murya, kamar an tufka igiya da zare uku, ga jita tana ƙara tangaran a bayansu. Daɗin kiɗan kenan gaba ɗaya, kuma shi ne abin da lalataccen faifai ke fara kashewa.

Ga yadda abin yake. Babban faifai yana juyi 33 da sulusi a minti ɗaya, ko allura tana bakin faifan ko tana kusa da cibiya. A baki da'irar tana da faɗi, sauti yana da filin miƙe ƙafa. Can ciki kuwa an cusa shi a ɗan taƙi, shi ya sa waƙar ƙarshe a kowane gefe ita ce ke fara tsatsa: siririyar murya ta dushe, harafin "s" ya riƙa tartsatsi kamar an zuba ruwa a mai. Don haka ni daga waƙar ƙarshe nake fara gwaji. In na ji muryoyin nan uku a rarrabe a can, sauran faifan ba sai na yi fargaba ba.

Wannan ba a Turai na koya ba. A Kano na koya, a wata rumfa a Sabon Gari inda kawuna yake gyaran rediyo da garmaho. Ina ɗan yaro, aikina in riƙe masa dalma in kuma kaɗe ƙurar hunturu da burushi. Mutane kan kawo garmahonsu da kwabo ɗaure a kan hannun allura, wai don kar ta riƙa tsalle. Kawu in ya ga haka sai ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Alhaji, don sunansa garmaho ba shi ne za a yi huɗa da shi ba." Bayan mutumin ya tafi sai ya kira ni, ya ɗora faifan, ya kai allura can ciki, ya ce, "Kai yaro, zo ka ji ɓarna." Ban san ina koyon sana'a ba, na ɗauka faɗa kawai yake yi. Da kaset ya cika gari mutane suka watsar da fayafayansu, yara suna gara su a lungu. Kawu ya koma gyaran kaset, amma har Allah ya yi masa rasuwa bai yarda ya rabu da akwatinsa ɗaya ba. Allah ya ji ƙansa.

To, shekaru bayan haka, cikin tarkacen wani gida da aka kwashe a nan Glasgow, na ci karo da Grand Prix, faifan Teenage Fanclub na 1995, mai hoton motar tsere a kwali. Ban san su ba a lokacin. Na wanke shi don in sayar, na ɗora don gwaji, sai ga ni zaune har gefe biyu suka ƙare, shayina ya huce. Wannan kwafin yana gida har yau, kuma ba na sayarwa ba ne, kar ma a taya.

Kamfanin faifai na Creation, na Alan McGee, ne ya fitar da shi, kamar yadda ya fitar da faifansu Bandwagonesque a 1991, mai kwali ruwan hoda da jakar kuɗi ruwan ɗorawa a tsakiya. Bandwagonesque ɗin ne mujallar Spin ta Amurka ta zaɓa a matsayin gwarzon faifan shekarar, ta ɗora shi sama da na ƙungiyar Nirvana, abin da har gobe wasu ba su yafe ba. Zamanin CD ne, ba a buga faifan roba da yawa ba, shi ya sa bugun asali ya yi wuya ya kuma yi tsada. A 2018 aka sake buga guda biyar daga cikin manyan fayafayansu, aka gyara sautin a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan, kowanne da ƙaramin faifai mai inci 7 a ciki a matsayin gyara. A ƙarshen shekarar kuma Gerard Love ya bar ƙungiyar. Ina gaya wa kowa gaskiya, ko da ba ta yi wa aljihuna daɗi ba: in sauraro kake so, ɗauki na 2018 ka huta. In kuwa tarawa kake yi, zo in nuna maka na asali, mu duba lambobin da aka zana a filin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da tambari, mu tabbatar tare.

Waɗannan lambobi su suka taɓa cetona. Wani dillali ya aiko min da kwali guda na fayafayan ƙungiyoyin wancan zamani, yana rantsuwa na asali ne. Tun daga hoton na fara zargi, launin ya yi dishi-dishi kamar an ɗauko shi daga wani hoton. Na duba cibiya, lambobin ba su yi kama da na gaskiya ba. Na ɗora ɗaya, sauti a shafe, ba zurfi, muryoyi sun dunƙule waje guda, da ji daga kwamfuta aka kwafo. Na mayar masa da kayansa. Ya yi fushi, wai ai masu saye ba sa ganewa. Wataƙila. Ni dai ina ganewa, kuma rubutun hannuna ne a jikin ledar.

Kuma kar nauyi ya ruɗe ku. Ana manna tambarin giram 180 kamar shi ne shaidar inganci. Faifai mai kauri ba ya saurin lanƙwashewa, wannan gaskiya ne, amma daɗin sauti daga wurin wanda ya yanka shi yake, wato wanda ya zana sautin a jikin faifan farko. Na ji siraran fayafayai da suka kunyata masu ƙiba.

Sai masu tayi da waya a hannu. Mutum zai ɗauki faifan da na kwashe awa guda a kansa, ya latsa wayarsa, ya miƙo min ita a hanci, wai ga shi can a intanet da rahusa. Nakan ce, "Ranka ya daɗe, wancan wa ya saurare shi?" Wasu su yi dariya su biya. Wasu su tafi, bayan mako biyu su dawo da abin da aka aiko musu a lanƙwashe kamar faranti, suna tambaya ko yana gyaruwa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne 'yar na'urar juya faifai ɗin nan mai kama da akwatin tafiya, mai arha. Allurarta danna faifai take yi da nauyin da ya ninka abin da ya kamata, alhali allura ta gari kusan giram 2 take bukata. Kwanan baya wata yarinya ta kawo min faifan Teenage Fanclub mai suna Songs from Northern Britain na 1997, na mahaifinta ne, tana cewa ya fara shaƙewa. Na tambaye ta a kan me take juya shi, ta nuna min hoto, sai na ji hannuna ya kai ga tabarau. Na wanke mata shi, na ɗora a tawa na'urar, na kai allura waƙar ƙarshe. Da saura, bai mutu ba. Ta yi shiru tana ji, idonta ya kawo ruwa.

Mai na'ura ya kawo ta ranar Asabar, awon allura kyauta nake yi. Sai dai in na ga kwabo a kan hannunta, to za a ji faɗa kafin gyara.