Ƙara wa katin hoton kwamfuta gudu a zafin Sakkwato

Matasa da dama a garin nan, masu tace bidiyo da masu zane da masu wasannin kwamfuta, suna sha'awar ƙara wa katin hoton injinsu, wato na'urar da ke sarrafa hotunan da ke fitowa a allo, gudu fiye da yadda kamfani ya saita shi, kuma ban ga laifin hakan ba muddin an bi a sannu. Abin da ke damuna shi ne a kwafo lambobin da wani ya samu a Jamus ko Amurka, inda ake gwaji a ɗakin da zafinsa bai cika wuce digiri 25 ba, a zuba su a katin da ke aiki a Sakkwato, inda zafin rana kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Fankar katin ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin da take ciki take janyowa ta hura wa ƙarfen da ke kwashe zafi. Saboda haka, duk abin da ɗaki ya ƙara na zafi, kusan shi katin zai ƙara. Katunan kamfanin NVIDIA da yawa an saita su ne su rage gudu da kansu idan sun kai wajen digiri 83, wato mai katin da ke kusa da wannan iyaka tun kafin a taɓa shi ba shi da wata rarar da zai ci.

Don haka gyara nake farawa da shi. A buɗe akwatin kwamfutar a fitar da ƙurar hunturu da ta toshe fanka, a kuma duba man da ke tsakanin guntun lantarkin katin da ƙarfen sanyayawa, domin yakan bushe. Wannan ya fi zama dole ga katunan da aka saya na hannu, tunda da yawa daga cikinsu sun yi aikin haƙar kuɗin intanet na Ethereum dare da rana kafin a daina haƙarsa a watan Satumban 2022. Wuta ma sai ta zama tsayayya, musamman ga mai aiki da janareto, wanda bai kamata ya rasa sitabilaiza ba.

Daga nan sai a saka MSI Afterburner domin saiti, HWiNFO domin lura da zafi, da Unigine Superposition domin gwaji, a rubuta makin da katin ya ci kafin a canza komai. Gudun guntun ake fara ƙarawa, megahaz 15 kowane karo, ana maimaita gwajin. Da zarar ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi sun bayyana a allo, ko manhajar ta rufe kanta, an ƙetare iyaka, sai a koma baya mataki biyu. Gudun ƙwaƙwalwar katin kuwa ana iya ƙara shi da megahaz 50 zuwa 100, amma a nan maki ya kamata a sa wa ido, saboda wasu sababbin katuna ba sa nuna tabo a allo, sai dai su yi ta sake aika bayanan da suka lalace har gudun ya ragu. Ban yarda mai koyo ya ƙara ƙarfin lantarkin da ke shiga katin ba, kuma kada a umarci Afterburner ta ɗora saitin da zarar Windows ya tashi sai an tabbatar ya zauna.

Tabbatarwar kuma ba da asubahin hunturu ake yin ta ba. Saitin da ya yi lafiya a Janairu yana iya kayar da aikinka a Afrilu, don haka a gwada shi tsakanin Azahar da La'asar a ranar zafi, na tsawon sa'a biyu ko fiye, da ainihin aikin da aka saba yi. Afterburner na ba da damar adana saiti har biyar, sai a ware ɗaya na bazara, ɗaya na hunturu. Ribar da aka saba samu ba ta cika wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba, shi ya sa a bazara ni na fi son rage wa katin lantarki kaɗan in bar gudunsa yadda yake, domin zafinsa ya sauka, ya kuma daina rage gudu a tsakiyar aiki.