Mashin da man E20

Yau mashin ɗina ya ƙi tashi bayan na dawo daga hutu, kik har ƙafa ta gaji, haka na tura shi wajen bakanike a nan birnin Pune na Indiya. Da ya kwance kafireto ya cire ɗan kwanon da ke ƙasa ya miƙo min, wallahi sai da na yamutsa fuska, ruwa ne kwance a ƙasan man, ga wani farin gari-gari haɗe da kore ya manne a jikin ƙarfen, robar bakin kwanon kuma ta kumbura. Ya ɗaga ƙaramin jet ɗin, wato ɗan ƙarfe mai siririn rami da mai ke bi, sama ya ce in leƙa, ko haske ba ya wucewa ta ramin.

Ashe fetur ɗin E20 da ake sayarwa a Indiya kashi 20 cikin 100 nasa itanol ne, wato wani nau'in sinadarin barasa da ake yi da rake da masara, shi kuma itanol jan danshi yake daga iska, in mashin ya daɗe a ajiye sai ruwan ya rabu da man ya kwanta ƙasa yana cin ƙarfe. Ya fesa maganin wanki ya hura da iska, ya ce kar a soka waya a ramin saboda faɗaɗa shi take yi mashin ya koma shan mai. Wai in zan ajiye shi in rufe famfon mai in kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kafireto man ya tsiyaye. Ni dai tunanina ya tafi kan masu tsofaffin mashina da aka ƙera tun kafin wannan man, kuma ba su da kuɗin sabo.