Sabon Inji a Tsohuwar Mercedes 911 ta Soja

Motar da nake gyarawa Mercedes LA 911 ce ta soja, mai gajeren hanci, wadda ta zo da injin dizal OM352 mai silinda shida da ƙarfin doki kusan 130. Mun cire shi mun dasa OM366 mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, kuma ya zauna ba da wahala ba, tunda zuriyarsu ɗaya.

Matsalar ta bayyana ne a kan hawa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya allurar zafi ba ta motsawa, amma da zarar an ɗauki kaya an fara hawan tudu a zafin watan Afrilu, sai ta haura digiri 100. Bakanike ya ce a cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, kamar yadda aka saba a garejinmu, ni kuwa na ƙi, domin hakan ɓoye ciwo ne kawai.

Da muka duba sosai, sai muka ga fankar sabon injin ta yi nisa da lagireto, kuma babu murfin da ke kewaye ta, saboda haka iska take ja daga gefe maimakon ta cikin lagireton. Ga kuma na'urar sanyaya iskar turbo da muka ɗaura a gaba, tana tura wa lagireton iska mai ɗumi. Mai walda ya ƙera murfi na kwano, aka ƙara wa lagireto layin bututun ruwa, muka ɗaure fambel, muka fitar da iskar da ta maƙale a tiyo na sama. Yanzu allurar tana tsayawa wajen 85 ko da kaya.