Badujalar 'yan lebura

Wata shida na yi a garin nan kafin in san cewa mutanensa suna da murya. Na sauka Ingila a watan Janairun 2023 da bizar aikin kula da tsofaffi, aka turo ni arewa maso gabas, wani ɗan ƙauye a gundumar Durham, daf da bakin teku. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa. Gidaje a jere, duk jan bulo, duk ƙofa a garƙame. Ni da na tashi a Bukuru, inda ba ka isa ka gifta majalisa ba a tsayar da kai an tambayi gida da gajiya ba, sai ga ni ina yini ina shiga gida takwas ko tara, in yi wa wannan wanka, in ba wancan magani, in fito ba wanda ya tambaye ni ko ɗan waye ni. Ba su wulaƙanta ni ba, kada in ɗauki alhaki. Amma na yanke a raina cewa sanyin ƙasar ya shiga jininsu.

Cikin waɗanda nake dubawa akwai wani dattijo da ya haura tamanin. Baba nake ce masa, tun yana dariya har ya saba. Tari ba ya barinsa barci, kuma a bayan hannayensa da goshinsa akwai wasu tabbai shuɗaye kamar an yi masa zane da baba. Ran da na tambaya, sai ya ce ƙurar kwal ce: in dutse ya yanke ka a cikin rami, fata ta warke a kan ƙurar, shi ke nan ka tafi da ita kabari. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar ya shiga ramin haƙar kwal, bai fito ba sai da aka rufe shi. Turancinsa ba irin na makaranta ba ne, na fi wata biyu ina gyaɗa kai kawai. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini, marra, wato abokin aikinka na cikin rami, wanda in rufi ya rufto shi zai tono ka. Farkon jin ta na yi dariya a ciki, don mu a wajenmu mara ƙasan cibiya ce.

A farkon Yuli 'yarsa ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce Asabar mai zuwa akwai babban taron mahaƙan kwal a birnin Durham, mahaifinta bai taɓa fashi ba sai da ƙafa ta ƙi, ita kuma ba za ta iya tura kekensa a hawan birnin ba. Ranar hutuna ce, na ci burin barci da wanki. Na amsa ne don kunya.

Bakwai da 'yan mintoci muka fito. A tsakiyar ƙauyen akwai wata ƙatuwar ƙafar ƙarfe, zagayayya kamar ta keke, da aka kafa a kan dandamali, kullum ina wuce ta a mota, na ɗauka ado ce. Ashe ita ce take juya igiyar da ke saukar da mutane cikin rami. A gindinta na tarar da garin gaba ɗaya, har da waɗanda na sani a kwance cikin bargo, yau sun sa kwat sun taje kai. Ga wata tuta mai faɗin bangon ɗaki, ta siliki, an zana hotuna a jikinta, maza biyu sun riƙe sandunanta, wasu sun riƙe igiyoyi. Gabanta kuma masu busa, kusan mutum talatin in an haɗa da makaɗa, cikin jajayen riguna.

Na san badujala mana. Wane yaro ne bai bi ta 'yan sanda a guje ba ranar 1 ga Oktoba? Amma a sanina badujala ta hukuma ce, ana busa ta ne in gwamna zai duba fareti, kamar yadda kakaki ba ya tashi sai don sarki. Waɗannan kuwa na gane fuskokinsu. Mai rungume da ƙaton ƙahon nan kamar tulu, direban bas ɗin da nake shiga ne. Matar da ke riƙe da mai zungurun da ake ja ana turawa, ita ke sayar mini da madara a kanti. Ga wata yarinya da ba ta wuce sha uku ba, da ɗan ƙarami mai maɓalli uku, tana tsaye kusa da wani mai furfura.

Ina jiran a ɓarke da kiɗan maci, sai na ga maza suna cire huluna. Sautin ya taso a hankali, ƙasa-ƙasa, kamar mutane da yawa sun haɗa baki suna nishi. Ba ganga, ba waƙa. Abin da rediyo ba ya gaya maka game da ƙahonin tagulla shi ne, in kana kusa, ba kunne ne kaɗai ke ji ba. Manyan na baya sai da na ji su a ƙirji, har ƙarfen keken da na riƙe yana ɗan karkarwa a tafin hannuna. Ƙananan suka hau sama, suka tsaya can kamar ba za su sauko ba, sannan suka sauko. Na duba Baba. Bakinsa a rufe gam, hawaye na bin tabban nan shuɗaye, bai ko share ba. Na waiga, ashe ba shi kaɗai ba ne. Mutanen da na ce jininsu ya daskare.

A cikin mota 'yarsa ta ba ni labarin taken. Sunansa Gresford, sunan wani rami a arewacin Wales da ya fashe a watan Satumban 1934, mutum 266 suka mutu, yawancinsu har yau suna can ƙasa ba a fito da su ba. Wani mahaƙi mai suna Robert Saint, ɗan garin Hebburn, shi ya tsara shi, bai sa masa kalma ko ɗaya ba. Baba ya tsoma baki ya ce su ma nan suna da nasu: Easington, 1951, mutum 83. Ya faɗi lambar kamar mai faɗin shekarunsa.

Birnin Durham ƙarami ne, tituna matsattsu, kogin Wear ya naɗe shi, babbar majami'a a kan tudu. Tun 1871 ake wannan taro, su kuma Babban Taro suke ce masa. Ranar nan ko allura ka jefa ba za ta taɓa ƙasa ba. Kowane ƙauye da tutarsa, kowace tuta da masu busanta, jama'ar garin na biye. Abin ya tuna mini da hawan sallah, yadda kowane hakimi ke shigowa da tawagarsa, sai dai nan ba doki ba alkyabba. Kuma da yake titin a matse yake, sautin ba shi da wurin gudu: ya bugi bangon nan ya dawo, ya haɗu da na ƙungiyar da ke gaba da na wadda ke baya, take uku a lokaci guda, ganguna na dukan ciki. A gaban otal ɗin County, inda shugabannin ƙwadago da 'yan siyasa ke tsaye a baranda suna ɗaga hannu, kowace ƙungiya sai ta tsaya ta yi busa ɗaya. Namu suka saki wata waƙar rawa ta zamani, masu zungurun nan suna ɗaga su sama suna saukewa tare. Tsofaffin mata suka kama hannun juna. Direban bas ɗina ya yi jajir kamar gauta, kumatu kamar za su fashe.

Giya kam an sha ta, tun hantsi. Wannan ɓangaren bai yi mini ba, kuma har wani ya yi ta tura mini gwangwani sai da Baba ya daka masa tsawa. Jawaban da aka yi a filin sukuwa ma ban tsinci abin kirki ba, na zagaya bayan wata motar sayar da abinci na yi azahar a kan rigar sanyina.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: babu ramin kwal ko ɗaya da ke aiki a gundumar Durham. Da, sun fi ɗari. An yi yajin aikin shekara guda daga 1984 zuwa 1985 a zamanin Margaret Thatcher, aka kayar da su, zuwa ƙarshen 1993 an rufe na ƙarshe. Yarinyar nan mai ƙaramin ƙaho ba ta taɓa ganin ɗanyen kwal na fitowa daga ƙasa ba. Amma ƙahonin da kakanninta suka saya da kwabo-kwabon da ake cira daga albashinsu duk mako, ba a bar su sun yi tsatsa ba. Kakana ya baro ƙasar Kano ya zo haƙar kuza a Filato, a nan ya ƙare ƙarfinsa. Kamfanonin Turawa suka tattara suka tafi, suka bar mana kududdufai masu cin yara. Ban san wani take da ake busa wa su kakana ba. Ban ma san sunan ramin da ya yi aiki ba, kuma laifin wannan nawa ne, don yana da rai har na yi wayo.

Da za a koma, a kan gadar Elvet, iska ta taso daga kogi ta cika tutar kamar za ta tashi da masu riƙon. Wani da ke riƙe da igiyar gefe ya yi tuntuɓe. Baba ya buge hannuna daga kan keken ya ce, "Je ka kama, marra, ni ba inda zan gudu." 'Yarsa ta karɓi keken. Na kama igiyar. Nauyinta ya ba ni mamaki, tana fizga kamar akuyar da za a kai kasuwa. Haka na riƙe har inda motocinmu suke, ganga na bugawa a ƙeyata, ba wanda ya ce in mayar.

Da dare na tura wa mahaifina bidiyon ta WhatsApp. Da safe ya kira.

"Wane gwamna ne ya zo?"

Na ce babu gwamna, Baba.

"To sarkinsu ne?"

Na ce a'a.

"To wa ake yi wa wannan busa haka?"

Na ce 'yan lebura ne, masu haƙar ƙasa, irin su Kaka.

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can sai ya ce in sake turo masa na farkon, wanda aka cire huluna, don bai gama buɗewa ba kuɗin wayarsa ya ƙare.